Gidan Makama da Aikin Hannun Ƙasar Rano

Mutumin Rano ko na Kibiya wanda ya ke so ya ga aikin hannun kakanninsa a tattare wuri guda, sai ya kama hanyar birni. Tafiyar ba ta da nisa, kamar kilomita 60 ce, in ya yi sammako hantsi ya yi masa a Ƙofar Nasarawa. Daga nan ya miƙe bisa titin fada, kafin ya isa Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa zai ga wani gini na ƙasa mai zankwaye. Shi ne Gidan Makama, gidan ajiye kayan tarihi na ƙasar Kano.

Malaman makarantu sun saba kai ɗalibai wannan gida, abu ne kuwa mai kyau, gama gani ya kori ji. Amma yadda a kan yi ziyarar yawanci shi ne a shiga ta zaure a jere, a bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya cikin sa'a guda, kowa ya rubuta sunayen abubuwa a littafinsa, a fito a hau mota. Ɗalibin da ya zo daga kudancin Kano ya kan koma gida da labarin birni, da ganuwarsa, da sarakunansa. Ba safai ya kan gane cewa irin rigar da ya tsaya yana kallo a cikin gilashi, mai yiwuwa ne a karkararsu aka noma audugarta, aka kaɗa zarenta, aka tsoma ta a baba ba. Laifin ba na gidan ba ne, ba na ɗalibin ba ne. Abin da ya rage shi ne malami ya san abin da irin wannan gida ke iya nunawa, da abin da ba ya iya nunawa sai an taimake shi.

Akwai wata magana da ya kamata a warware tun daga bakin ƙofa. Turawa sun raba aikin hannu gida biyu. Akwai wanda a ke yi don kallo kaɗai, kamar zanen da a ke ratayewa a bango, da mutum-mutumin dutse ko na tagulla. Shi ne su ke ɗauka da daraja, su gina masa gidaje na musamman, su rubuta sunan mai shi a ƙarƙashinsa. Akwai kuma wanda a ke yi don amfani, kamar tukunya da tufa da sirdi, shi kuwa sai su sa shi a sahun baya. Ko a can Turai wannan rabo bai daɗe ƙwarai ba, sai wajen ƙarni na 18 ya kafu sosai. Bahaushe bai san shi ba. Yana da kalmomin ado, da ƙawa, da zayyana, da fasaha, da gwaninta, amma ba ya ware su daga amfani. Wanda ya ƙware a gini gwani ne, wanda ya ƙware a ɗinki gwani ne, wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka shi ma Gwani a ke ce masa. Zane irin na Turawa ya shigo Arewa ne ta hanyar makaranta, musamman tun 1955 da aka mai da sashen koyar da shi Zariya, inda wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Wannan wani fage ne dabam. Wanda ya shiga Gidan Makama yana neman irinsa zai fito yana cewa bai ga kome ba sai tsofaffin tarkace, alhali kuwa ya wuce ta ƙarƙashin abu mafi kyau da ke gidan bai ɗaga kai ba.

Abin nan kuwa shi ne ginin kansa. Bisa ga abin da aka ruwaito, an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a nan kuma ya zauna har aka gama masa fadar da a ke kira da sunansa. Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun zauna a ciki na ɗan lokaci. Daga baya aka raba gidan uku: wani sashe ya zama makaranta, wani ya saura mazauni, na ukun ya zama gidan tarihi, yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979. Sai dai kada malami ya ce wa ɗalibai bangon da su ke taɓawa shi ne wanda maginan Rumfa suka ɗora. Ginin ƙasa ba ya shekara ɗari biyar da ikon kansa. Damina tana ci, magina suna mayarwa, a sāke azara, a sāke yaɓe, wani lokaci a rushe soro a tā da shi. Abin da ya daɗe shi ne wurin, da tsarin, da ilmin da ke wucewa daga uba zuwa ɗa.

Ya kamata a tsai da ɗalibai a cikin soro guda, a sa su dubi sama. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in an shimfiɗa ta a fili mai faɗi. To, yaya aka rufe ɗaki mai faɗi haka ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba? Magini ya kan kafa azara cikin bango ta ɗan karkato, ya ɗaure wata a bisanta ta ƙara leƙowa, ya ɗora wata, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama. Sa'an nan ya lulluɓe su da ƙasa su zama bakan gizo. In bakuna suka gitta juna suka tallafi rufi mai tudu, shi ne ɗaurin guga. Babu ƙarfe a ciki, babu siminti. Wannan dabara ita ce Babban Gwani Mika'ilu ya kai matuƙa a Masallacin Jumma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda aka yi kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-gine na Jos bisa awon da wani Bature mutumin Folan, Dmochowski, ya yi.

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne. An tsara su ne bisa tarihin birni: kayan gini, da taswirar ganuwa da ƙyamaren tsofaffin ƙofofi, da kafuwar sarauta, da zamanin Fulani, da Basasa, da zuwan Turawa, sa'an nan sana'o'i, da kayan kiɗa, da ɗakin amarya. Tsari ne mai ma'ana, kuma babu yadda gidan da ke daura da fada zai yi ya ƙi ba da labarin fada. Amma duk inda aka tsaya a cikin labarin nan, kudanci yana ciki, ko da ba a ambace shi ba. Rundunar da ta ci Kano a 1903 daga Zariya ta taso, ta fasa Bebeji a kan hanya, maƙwabciyar Rano ta yamma. Basasar da aka yi daga 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, a Takai Yusufawa suka yi sansani, a Garko kuma Yusufu ya rasu, ba nisa da Kibiya. Sulke da lifidi da kwalkwali da ɗalibi zai gani, irinsu aka sa aka tare Ningawa, waɗanda suka addabi garuruwan kudu a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi da bayansa. Ganuwar garuruwan nan ba don ado aka yi ta ba. Zaman mutane a gindin duwatsu ma haka. Sunayen Rurum Tsohon Gari da Rurum Sabon Gari kaɗai sun isa su sa ɗalibi ya tambayi abin da ya tā da mutane daga wuri zuwa wuri.

Rano kuwa ba ƙauyen Kano ba ce a asali. Tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram. Labarin Bayajida ya ce Zamna Kogi ɗan Bawo ne ya sarauce ta, har yanzu kuma Autan Bawo a ke yi wa Sarkin Rano kirari. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa. Da tafiya ta yi tafiya sai Rano ta shige ƙarƙashin Kano, amma sarkinta ya saura cikin manyan sarakunan ƙasar, sahu ɗaya da na Gaya da Dutse da Ƙaraye. A 2019 gwamnatin jiha ta mai da ita masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke wannan doka, aka sāke kafa ta da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta.

Abin da ya fi shafar maganar fasaha shi ne rabon ayyukan da labarin gargajiya ya yi wa 'ya'yan Bawo. An ce Gobir ita ce sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Kano da Rano kuwa sarakunan baba. Ba a ɗaukar irin wannan labari kamar takardar shari'a. Duk da haka waɗanda suka tsara shi sun san ƙasarsu, ba su kuwa haɗa Rano da baba a banza ba.

Barth, Bajamushen nan da ya iso Kano a 1851, ya ga cewa arzikin garin a kan tufafi ya ke. Ya ƙiyasta abin da a ke fitarwa a shekara ya kai na kuɗin wuri miliyan 300, ana kai shi Ghat da Murzuk da Tarabulus, da Tumbutu, har bakin Tekun Atlantika. Baƙo a birni ya ke ganin kaya, a Kasuwar Kurmi, saboda haka da sunan Kano su ke tafiya. Amma binciken da Philip Shea ya yi, wanda ya kammala a 1975, ya nuna cewa babban kaso na rinin ƙarni na 19 a garuruwan karkara aka yi shi, kudanci kuwa yana kan gaba. Shaidar tana cikin harshe ma. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Buzaye ke ba da raƙumi su saya, ɗan Kura sunansa, ba ɗan Kano ba. Daga Kura a bi ta Bunkure a sauka Rano da Kibiya, shimfiɗar ƙasa ɗaya ce mai samun ruwan sama fiye da arewacin Kano, inda baba da auduga da itacen toka ke samuwa a kusa. Rini kuwa sana'a ce mai cin ruwa da toka da ganye mai yawa. Ya fi sauƙi a kai zare inda su ke da a ɗauko su a kai birni.

Gidan tarihi yana iya nuna rinanniyar tufa, amma ba ya iya nuna rini, don haka dole malami ya bayyana shi da baki. A kan yanke baba, a tara shi ya ruɓa, a busar. Marini ya cika rijiyar rini da ruwa, ya zuba toka, da katsi wanda aka toya, da baban, ya bar su kwanaki suna tsimuwa, yana motsawa da dogon itace har kumfa ta taso ya ga alamar ruwa ya nuna. Ga abin da ke faruwa a ciki: launin baba ba ya narkewa a ruwa yadda ya ke, saboda haka ba ya kama zare. Tsimuwar nan cikin ruwan toka ita ke juya shi ya narke, amma a sa'an nan ba shuɗi ba ne. In aka tsoma tufa aka ɗago, sai a gan ta kore-kore. Iska na bugunta sai launin ya koma halinsa na fari, ya yi shuɗi, ya maƙale cikin zaren ba ya fita. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagowa, ba ya jiƙawa ya tafi. Yawan tsomi shi ke kai tufa daga shuɗi mai haske zuwa baƙi. Marinan da ba su taɓa jin sunan iskar da ke wannan aiki ba sun san lokacinta sarai, da ido da hanci, wani har da ɗanɗano.

Daga marina sai mabuga. A nan a ke shimfiɗa tufar bisa gungumen itace, a barbaɗa mata garin shuni, a yi ta bugu da guduma ta itace har ta yi santsi tana walƙiya kamar ƙarfe. Ƙyallin turkuɗi da na ɗan Kura daga nan ya ke. Shi ne kuma abin da ya fi saurin gushewa: rawanin da ya shekara hamsin a ajiye ya dushe, wanda ya gan shi a gilashi bai ga abin da Ba'azbine ya gani ya buɗe jakarsa ba.

Akwai wani abu a nan da ya cancanci a daɗe a kansa, gama shi ne ya ɗaure tufa da gini. In ruwan baba ya mutu, a kan kwashe laka da ta kwanta a gindin rijiya, ita ce katsi. A dunƙula ta, a busar, a toya. Wani kaso ya koma cikin sabon ruwa, kamar yadda aka faɗa. Sauran kuwa a daka, a haɗa da gashin dabba da ruwan dafara mai yauƙi, ya zama laso, watau simintin Bahaushe. Da laso a ke shafe cikin rijiyar rini don kada ta tsiyaye, shi ne ya ba marina damar barin manyan tukwane su haƙa rijiyoyi masu zurfi, su rina tufa da yawa a kan kuɗi kaɗan. Da laso kuma a ke shafe rufin soro da zankwaye don ruwa ya zame, kamar yadda a ke shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa. Watau garin da ke da marina yana da abin kāre soraye. Ranar da marina ta mutu katsi ya yanke, laso ya yi wuya, soron ƙasa ya fara yoyo, mai gida ya nemi kwano. Ba wannan kaɗai ya kawo kwano da bulo ba, akwai kuɗi da sha'awar zamani. Amma ɗalibin da ya gane wannan igiya ya gane cewa ɗakin tufafi da rufin da ke bisa kansa a Gidan Makama labari ɗaya su ke bayarwa.

Abin da ya karya rini sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. A 1897 wani kamfani a Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, yadin Ingila ya shigo da araha, manoma kuma suka juya ga gyaɗa. Karofin Ƙofar Mata a birni, wanda a ke cewa tun 1498 ya ke, yana nan yana aiki, baƙi suna zuwa kallo. Na karkara kuwa akasarinsu sun cike.

In an zo gaban babbar riga, kada a bar ɗalibai su rubuta "riga" su wuce. A sa su ƙidaya layukan saƙar da aka haɗa, gama masaƙar maza siririn abu ta ke fitarwa, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a sami faɗin riga. Yawan layi da sirantarsu shi ne farkon alamar tsada. A sa su duba ko saƙi ce, mai ɗigon fari da shuɗi kamar gashin zabo, ko tsamiya ce, ko kore ce da ta sha bugu. Sa'an nan su dubi aikin da ke bisa aljihu da wuya, su nemi aska biyu ko aska takwas, da tambari, da dagi. Daga nan a tambaye su hannu nawa rigar ta bi. Akwai manomin auduga. Akwai matar da ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari, ta fid da zare da abawa. Aikin da ya fi kowane cin lokaci ke nan, na mata ne kuwa, a cikin gida, ba wanda ya taɓa rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Akwai masaƙi, da marini, da maɗinkin da ya haɗa, da malamin da ya zana surar aikin da tawada, da wanda ya bi zanen da allura wata da watanni, da mabugi, da dillali. Mutum tara ko goma, a garuruwa uku ko huɗu. In an sa wa irin wannan riga takarda an rubuta "Kano", kamar yadda a kan gani a gidajen tarihin Turai, ba a yi ƙarya ba, amma inda aka saye ta aka faɗa.

Rashin sunan mai aiki ba wai don Hausawa ba su damu da gwani ba ne. A lokacinsa kowa ya san shi, masu saye suna nemansa da suna. Ba a dai rubutawa, in ban da marubutan littattafai, waɗanda su kan sa sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen abin da suka kwafa. Masu tattara kaya na farko kuwa ba su tambaya ba. Kenneth Murray ya fara aikin kula da kayan tarihi na Nijeriya a 1943, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952, na Legas a 1957, hankalinsu kuwa ya fi karkata ga ceto abubuwa kafin su salwanta ko a fitar da su waje. An ceci abu, an bar labarinsa. Inda aka tambaya, bambancin a fili ya ke. Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya, ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, wadda a yanzu a ke kira Suleja, a 1954. An rubuta sunanta, yau ga hotonta a takardar naira 20. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna da maɗinka da masu zana riga yana tambayarsu, ya kuma shirya nunin fasahar Hausa a Landan a 1976. Ba a ce babu gwanaye kamarsu a Tarai ko Lausu ko Fammar ba. Ba a je da alƙalami ba ne.

Ɗakin amarya shi ne inda 'yan mata su kan fi daɗewa, suna dariya suna nuna abin da suka gani a ɗakin kakarsu. Dariyar nan abar amfani ce. Jere bai mutu ba, kaya ne suka sāke: ƙwarya mai zane da faifai suka ba tasa wuri, tasa ta ba kwanon fenti, shi kuma ya ba tangaran da gilashi. Yadda a ke jerawa, babba a ƙasa ƙarami a sama, dama ta yi daidai da hagu, yana nan. A ƙauyukan Kibiya ana iya samun ɗakin da zamani biyu ko uku ke jere a bango guda.

To, yaya za a shirya ziyarar? Mako guda kafin tafiya a ba kowane ɗalibi aikin tambaya a gida: wace sana'ar hannu aka gāda a gidansu ko unguwarsu, wa ya yi ta na ƙarshe, ina kayan aikinsa. A gidan tarihi kuma, bayan an zaga tare, kowa ya zaɓi abu uku kaɗai ya zauna gabansu ya zana su da fensir. Zanen ba don kyau ba ne. Hannun da ke zana aska takwas shi ke gane cewa ba tsawonsu ɗaya ba. A rubuta da me aka yi abin, daga ina kayan haɗinsa suka fito, da sunan kowane sashe da Hausa. In sunan da ɗalibi ya sani a garinsu ya saɓa da wanda ma'aikacin gidan ya faɗa, a rubuta duka biyu, kada a gyara masa, gama irin wannan saɓani shi ne abincin masu nazarin harshe. In da sauran lokaci a biya Gidan Dan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909, wadda tun farkonta ta haɗa da sashen koyar da sana'o'in hannu.

Akwai haɗari guda biyu. Na farko shi ne kishin gari. Malamin da ya ji daɗin maganar sarakunan baba yana iya zarcewa ya ce wa yara duk abin da ke gidan nan na Rano ne. Wannan ba ilmi ba ne. Birni yana da nasa gwanaye, unguwanni kamar Soron Ɗinki da Dukawa sunansu ya faɗi sana'arsu, kuma ba a jingina abu ga wani gari sai da shaida. Na biyun shi ne kwasar kaya. Ba a so ɗalibai su koma gida su raba tsofaffi da abin da suka gāda da sunan taimakon makaranta. Doka ma ta yi magana: tun dokar 1953, da ta 1979 da ta maye gurbinta, an hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa sai da izni, an kuma taƙaita cinikinsu. Sai dai abin lura, ma'aunin da dokar ta fi dogara da shi shi ne a ce an yi abin kafin 1918, ko kuwa an yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Rigar da wani gwani ya ɗinka a 1940, da mazarin tsohuwa, da gudumar mabugi, da wuya su shiga wannan ma'auni. Su ne kuwa a ke jefarwa in an zo rabon gādo.

Kashi na biyu na ziyarar a gida a ke yinsa, shi ya fi na farko wuya. Malami ya ɗauki ɗalibai su nemi inda karofin garinsu ya ke a da, da iznin mai unguwa da na masu wurin. Ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san abin da ya ke nema. Sau da yawa sunan unguwa ya kan tona shi. A ƙasa kuma a kan ga da'irori farare-farare, bakin rijiyoyin da suka cike, laso ya ƙi narkewa bayan ƙasar da ke kewaye ta zaizaye, da tudun toka da katsi a gefe. A ƙidaya bakunan, a auna faɗin kowane, a zana yadda su ke jere da inda rijiyar ruwa ko rafi ya ke. A nemi dattijon da ya yi aiki a wurin ko ya ga ubansa yana yi, a rubuta daga bakinsa, da Hausarsa, sunan masu rijiyoyin, da gonakin da a ke yanko baba, da irin tufar da a ke rinawa, da kasuwar da a ke kai ta, da shekarar da aka daina, ko da da zamanin wani sarki ko wata yunwa zai ƙidaya ta. Kofe ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a ba dattijon ko 'ya'yansa, ɗaya kuma a aika Gidan Makama da sunan garin a rubuce a kansa.